Ofishin zanen da ya nemo mini izinin gini a ƙauyenmu

Tun da ginina ya kai linta, abokan aikina a makaranta ba su bar ni na huta da tambaya ba. Wa ya zana miki? Nawa kika kashe? Da gaske sai da kika nemi izinin hukuma kafin ki aza bulo a ƙauyen ubanki? Na amsa wa mutum biyar, na amsa wa goma, sai na ga gara in zauna in rubuta abin dalla-dalla, mai daɗin da marar daɗin. Wanda ya yi mini aikin wani ɗan ofishin zanen gine-gine ne a cikin garin Gombe, ɗaki biyu a saman bene, mutum uku ke aiki a ciki. Ba zan kama sunansa ba, domin zan faɗi wuraren da suka ɓata mini rai, kuma mai ofishin ya yi mini alherin da ba zan so in tozarta shi a bainar jama'a ba. Mu dai Injiniya muke ce masa, ko da yake shi da bakinsa ya gaya mini tun ranar farko cewa ba injiniya ba ne, zane ya karanta.

Filin na gado ne. Baba ya rasu a 2021, shekarar da ta biyo baya aka raba gonarsa a kotu, rabona ya faɗo ta gefen da ke kallon titin Gombe zuwa Biu, gaba da Kwadon kafin a kai Dadin Kowa. Faɗinsa ƙafa 100, tsawonsa ƙafa 220. Burina shago uku a bakin titi, gida a bayansu, Inna ta zauna a ciki yanzu, ni ma in na ajiye alli in koma. Kuɗin kuwa adashin shekara huɗu ne da bashin da na ci a ƙungiyar malamai, don haka kowace naira na san zufan da ta sha.

Da na gaya wa yayana Hamma zan nemi izini, dariya ya yi. Ya ce, "Ke dai kin cika son takarda. Wa kika taɓa ji ya nemi izini a nan? Jauro ya sani, maƙwabta sun sani, ki kira birkila ya ja igiya kawai." Kuma bai yi ƙarya ba, a layinmu kaf babu gida ɗaya da aka gina da zane. Amma ni shekara tara na yi ina haya a Tumfure, kan hanyar Bauchi. Wurin nan a da ƙauye ne a ƙaramar hukumar Akko, yau kuwa mutum ba ya gane inda Gombe ta ƙare da inda Tumfure ta fara. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gari yake cin gonaki ta kowace kusurwa, abin da ya faru a hanyar Bauchi shi ke faruwa a hanyar Biu, wanda ya san Liji shekara ashirin baya ya san me nake nufi. Na ga jan fenti a bangon mutanen da suka gina bisa cewa nan ƙauye ne, ba ruwan kowa. Ba na so wata rana in ga irinsa a bangon ɗakin Inna.

Cikin Janairun 2024 na hau benen nan, hazo ya rufe gari, hannuna riƙe da leda mai takardar rabon gado da wata takarda da Jauro, mai garinmu, ya sa wa hannu. Injiniya ya karanta su duka biyu har ƙarshe, abin da ba kowa ke yi ba, sannan ya tambaye ni ko na san takarda biyu nake nema ba ɗaya ba. Ban sani ba. Ya ɗauki biro ya ja layi a tsakiyar farar takarda. Gefe ɗaya takardar fili, wadda ke nuna cewa hukuma ta san wurin a hannunki yake. Ɗaya gefen izinin gini, wanda ke nuna an duba abin da za ki ɗora a kai an yarda. Mutum na iya mallakar fili halak malak, ya yi gini ba izini, a tsayar da shi. Ya bayyana mini cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni shi ke ba da takardarsu, sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya. Takardar Jauro shaida ce mai ƙarfi a kan iyaka da tarihin wurin, ba a raina ta, amma ba ita ce shaidar mallaka ba. Izinin gini kuma ya samo asali daga dokar tsara birane da yankuna ta 1992, sai dai tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 lamarin ya tabbata a hannun jihohi, kowace da tsarinta. Minti arba'in ya yi yana wannan bayani, bai karɓi ko kwabo ba, bai kuma yi mini magana kamar wadda ba za ta gane ba. Mace da ta sha shiga ofis a kan maganar fili ta san darajar wannan.

Sai ya ce ba zai ja layi ko ɗaya ba sai ya taka filin da ƙafarsa. Wannan maganar ita ce ta sa na ba shi aikin. Kafin shi na je wajen mutum biyu. Dukansu kwamfuta suka juyo mini suka ce in zaɓa, ga mai ɗaki uku, ga mai huɗu, gobe in zo in karɓa. Babu wanda ya tambaye ni ina filin yake.

Ranar Asabar muka tafi da shi da safiyo a motarsa, ni na zuba mai. Hamma ya zo, Jauro ya turo wakilinsa, maƙwabcinmu na gabas ma ya fito ya tsaya a kan iyakarsa. Abin da Injiniya ya fara yi shi ne ya tura yaronsa tsakiyar kwalta da bakin tef, in mota ta taho ya kauce, in ta wuce ya koma. Suka ja tef daga tsakiyar titi zuwa cikin gona har mita 45.72, wato ƙafa 150, safiyo ya kafa ƙarfe. Na dubi inda ƙarfen ya tsaya, na dubi inda na yi shekara biyu ina hango shagunana, gabana ya faɗi. Filina ya fara ne daga ƙafa 60 da tsakiyar titi, ke nan ƙafa 90 cur daga gaba ba wurin gini ba ne. Titin na Gwamnatin Tarayya ne, wannan tazarar haƙƙinsa ce ta kowane gefe. Ya nuna mini turakun wuta da suka bi ta nan, ya ce su ma suna da nasu haƙƙin, layi mai ƙarfin kilovolt 11 ko 33 ana barin mita 5.5 dama da hagu, amma da yake a cikin tazarar titin suke ba su ƙara ci mini komai ba.

Hamma ya fusata. Ya nuna shagunan da ke tsallake, waɗanda in ka miƙa hannu daga baranda sai ka kusa taɓa tirela, ya ce su waɗannan aljanu ne suka ba su izini? Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, in kina so in zana miki shago a bakin kwalta zan iya, amma ba za a buga masa hatimi ba, kuma ranar da aka tashi faɗaɗa titin nan ba ki da bakin neman diyya. Kuɗinki ne, amma ni ba zan sa hannuna ba." Na koma gida ranar ko abinci ban ci ba. Kwana uku ina juya maganar, har na yi niyyar in koma wajen masu kwamfutar nan. Inna ce ta tsayar da ni. Ta ce a gonar nan ta ga an yi titin yana siriri, ta ga an faɗaɗa shi, kuma ba ta ga dalilin da zai sa a ce an gama ba.

Abu na biyu da ya yi a ranar da muka je filin shi ne wanda nake ganin ya biya kuɗinsa har da riba. Ya sa aka haƙa rami kamar zurfin ƙugu a inda gidan zai zauna. Ƙasarmu baƙar laka ce, irin wadda auduga da dawa ke so. Da rani takan dare, a lokacin ma akwai tsagar da na zura hannuna har wuyan hannu. Ya ɗauko dunƙule ɗaya daga ramin, mai tauri kamar dutse, ya karɓi butar wakilin Jauro ya ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan yana murzawa. Kafin minti biyar abin ya zama kamar ƙullin fura, ya mulmula shi a tafin hannu ya yi igiya siririya doguwa, ya ɗaga ta tana lilo ba ta tsinke ba. Ya miƙo mini ya ce in matsa. Ta manne mini a yatsu har sai da na goge da kara. Ya ce wannan ƙasar in ta sha ruwa kumbura take, in ta bushe ta tsuke, kowace shekara tana ɗaga gini tana sauke shi, kuma ba daidai take ɗagawa ba, gefe ya fi gefe. Sannan ya nuna mini bangon maƙwabcinmu, inda tsaga ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace har ƙasa, an cike ta da siminti ta sake buɗewa. Tun ina yarinya nake ganin irin wannan tsagar a gidajen bulo na garinmu, kullum birkila ake zagi, a ce ya saci siminti. Ashe sau da yawa ba laifinsa ba ne.

Saboda haka fandishon da aka zana mini ba irin wanda aka saba ba ne. An kwashe baƙar ƙasar daga ƙarƙashin ginin, an cike da jar marmara ana jiƙawa ana daɓewa hawa-hawa, an zagaye ginin da ɗaurin kankare mai rodi a ƙasa, ginshiƙai a kowace kusurwa, wani ɗaurin kuma a linta. Ya sa a zuba daɓen siminti a kewaye da gindin bango don kada ruwan indararo ya riƙa kwanciya a nan, ya kuma hana ni dasa dogonyaro kusa da ɗaki, domin saiwarsa na tsotse ruwan gefe ɗaya ta bar ɗayan. Wannan ɓangaren ba shi ya lissafa ba. Ya kai wa injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ya yi lissafin rodi ya buga hatiminsa, zanen gidan kuma wani mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, ya duba ya sa nasa. Bai ɓoye mini wannan ba, har ya ba ni lambobin rajistarsu ya ce in ina so in bincika.

To, yabon ya isa haka, ga inda suka ɓata.

Zanen farko da suka ba ni bayan mako biyu ba gidana ba ne. Na zauna da Injiniya na gaya masa ina son zaure, ina son tsakar gida mai faɗi inda za a shanya masara a yi daka, madafin itace a waje, wurin ɗaure awakin Inna, banɗaki ɗaya a tsakar gida saboda baƙi. Ya rubuta duka a littafinsa, na gani da idona. Amma ya miƙa wa yaronsa aikin ya yi tafiya, yaron kuma ya buɗe wani tsohon zane na gidan cikin gari ya sauya masa suna. Ƙofar waje kai tsaye cikin falo, daga falo kana hango ƙofar uwar ɗaki. Kicin ɗan mitsitsi a ciki, na mai girki da gas. Tagar ɗaki biyu na leƙa tsakar gidan maƙwabci, abin da a garinmu kaɗai ya isa ya haɗa ka faɗa da mutane har jikoki. Mafi muni, ramin sokawe ya faɗa taku takwas daga tsohuwar rijiyar Baba, rijiyar da Injiniya da kansa ya leƙa ranar da muka je, ya ce a nisanta masai da ita aƙalla mita 15, in da hali 30, kuma ta gangare. A kusurwar shafi na uku ma sunan unguwar mai zanen asali na nan ba a goge ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin abin da na guje wa a wajen waɗancan shi aka miƙo mini a nan, bayan na biya rabin kuɗi.

Da ya dawo na ajiye masa takardun a tebur, ban ce komai ba, na sa yatsa a kan sokawen. Ya daɗe yana kallo. Bai kare yaron ba, bai kuma ɗora masa laifin duka ba, ya ce shi ne bai duba ba kafin a ba ni. Ya sake zanen da hannunsa ba tare da ƙarin kuɗi ba, na biyun kuwa ya fito yadda nake so har da abin da ban roƙa ba: ya juya ɗakin Inna ya ba rana ta yamma baya, ya ɗaga tagogin gefen maƙwabci sama da tsayin mutum, ya bar ƙofar baya da amalanke zai iya shiga da kaka. Amma gyaran ya ci mako uku, kuma mako ukun nan sun faɗa a mummunan lokaci. A Fabrairun 2024 ne siminti ya yi tashin gwauron zabo, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, mu da kamfanin Ashaka ke cikin jiharmu ma ba mu tsira ba. Da zanen farko ya yi daidai, da na san yawan buhun da nake bukata na saya na ajiye tun kafin tashin. Ban ce su suka tayar da farashi ba, amma sakacinsu ya shiga aljihuna.

Laifi na biyu, kuma wanda har yau ban ga sun gyara ba, shi ne yadda suke faɗin kuɗi. Ranar farko aka ce mini zane naira 150,000, safiyo 80,000. Na ɗauka shi ke nan ban da kuɗin gwamnati. Bayan wata ɗaya sai ga 60,000 na injiniyan da ya yi lissafin rodi. Bayan shi sai kuɗin buga zane kwafi biyar a babbar takarda, 12,000. Bayan shi sai man mota na komawa filin. Babu ɗaya a ciki da zan ce cuta ce, kowanne da aikinsa, kowanne da rasit. Amma mai albashi da ke jiran kwasar adashi ba ta son abin da zai faɗo mata tsakiyar wata. Da an rubuta mini duka a takarda ɗaya tun farko, da na tsara kaina ba tare da na je rance wajen yayata Adda ba.

Haka ma takardu. Sai da aka haɗa fayil za a shigar sannan aka tuna ana bukatar takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Dokar harajin kuɗin shiga ta lokacin ta sa neman amincewa da zanen gini cikin abubuwan da ake tambayar wannan takardar, ke nan ba sabon abu ba ne da zai zo wa ofishin zane ba zato. Ni ma'aikaciya ce, ana cire mini haraji daga albashi, don haka samunta bai yi wuya ba, amma ya ci kwana goma sha biyu da zirga-zirga cikin azumi, wanda ya kama ranar 11 ga Maris, ga zafin Gombe na wannan lokacin. Wanda ke sana'ar kansa kuma bai taɓa biyan haraji a rubuce ba, ya fara da wannan takardar tun kafin ya je wajen mai zane. Ga kuma waya. Injiniya mutum ne da in kana gabansa kai kaɗai ne a duniya, in ka bar gabansa sai ka kira sau shida. Na koyi cewa in ina son abu, in hau benen bayan an tashi daga makaranta in zauna a kan bencin.

Abin da ya shiga fayil ɗin a ƙarshe: takardar rabon gado daga kotu, shaidar mallaka da ƙaramar hukuma ta ba ni bayan Jauro da Hakimi sun tabbatar da iyaka, taswirar safiyo mai lambobin turakun siminti huɗu da aka kafa, zanen gida da na fandisho, takardar haraji, hotuna, da rasit na kuɗin dubawa. Kuɗin gwamnati ana lissafa shi ne bisa girman gini da abin da za a yi da shi, shago ya fi gidan zama tsada. A nan Injiniya ya yi abin da ya ƙara masa daraja a idona. Ya ƙi karɓar kuɗin a hannunsa. Ya ba ni takardar biya ya ce in je banki da kaina, in riƙe asalin rasit, shi kwafi kawai yake so. Ana cikin haka wani mutum da ke yawo a bakin ofisoshi ya tare ni, ya ce in na ba shi wani abu zai fito mini da hatimi cikin kwana uku, ba sai kowa ya je ƙauye ba. Ga azumi, ga gajiya, ga damina na matsowa, maganar ta shige ni. Na gaya wa Injiniya. Ya ce, "Hatimin da babu fayil a bayansa tawada ce kawai, Malama. Ranar da rigima ta tashi fayil ake nema, ba takardar hannunki ba." Na haƙura.

Bayan Ƙaramar Sallah ma'aikata biyu daga hukumar da ke ba da izinin suka zo filin, Injiniya ya zo tare da su ba tare da na roƙe shi ba. Suka nemi turakun safiyo ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ma sai da aka tone domin shanu sun tattake ƙasa ta rufe shi. Suka ja tef daga tsakiyar titi kamar yadda aka yi a Janairu, suka auna daga rijiya zuwa inda sokawe zai zauna, suka tambayi ta ina ruwan sama ke bi in an yi mamako. Duk abin da suka tambaya yana cikin zanen. Ba su yi awa ɗaya ba. Tsakiyar Mayu aka kira ni, na karɓi kwafi biyu, kowane shafi da hatimi da sa hannu, da wasiƙa mai sharuɗɗa: kada a sauya zane ba tare da an koma ba, a ajiye kwafi ɗaya a wurin aiki, kuma in ba a fara gini cikin shekara 2 ba sai an sabunta. Daga ranar da na hau benen zuwa ranar da na riƙe takardar wata huɗu ne da 'yan kwanaki. A lissafina, wajen mako biyar daga ciki ofishin zanen ne ya jawo su.

Cikin kuɗin zanen akwai zuwa duba aiki sau uku, kuma ya zo sau ukun. Zuwansa na biyu ya tarar birkila ya rage yawan zoben rodin ɗaurin ƙasa, yana cewa haka suke yi a ko'ina kuma bai taɓa faɗuwa ba. Birkilan dattijo ne, abokin Baba, ni ba zan iya buɗe baki in gyara masa ba. Injiniya ya tsuguna kusa da shi, yana ce masa Baba, ya buɗe zanen a kan bulo, suka ƙirga tare, aka kwance aka sake ɗaurewa, ba wanda ya ji kunya. Na tsaya daga nesa ina kallo, na san da ni kaɗai ce da kankare ya rufe maganar.

Wanda zai gina ɗaki ɗaya na jar ƙasa a cikin gidan gado, can cikin lungu, ban ce ya bi duk wannan hanyar ba. Amma mai fili a bakin babban titi, ko ƙarƙashin wayar wuta, ko kusa da kwari inda zaizaya ke ci, ko a ƙauyen da fitilun Gombe suka fara haskowa da dare, ko wanda zai zuba kuɗin ritayarsa a bulo a kan baƙar laka, ina ba shi shawarar irin wannan ofishin, tare da sharaɗi uku da ni ban san in gindaya ba. A rubuta maka duk kuɗin da duk takardun a shafi ɗaya kafin ka biya ko sisi. Ka tambayi wane ne zai zana da hannunsa, kuma mai ofishin ya sa hannu cewa ya duba kafin a ba ka. Kada kuma ka biya kason ƙarshe sai takardar izini ta shigo hannunka. Wata malama da muke koyarwa tare na tura ta wajensa da waɗannan ukun a rubuce, ya karanta ya yi murmushi ya ce ya san wadda ta aiko ta, kuma ya amince da duka.

Damina biyu ke nan ta wuce a kan ginin. Duk bayan ruwa mai ƙarfi nakan zagaya da kaina in duba kusurwoyin tagogi da gindin bango, ban ga tsaga ba tukuna, ko irin ta gashi. Shagunan an rufa musu kwano, gidan na jiran kuɗin katako. Ba zan ɓoye ba, nisan da shagunan suka yi da kwalta ya rage musu kasuwa: na tsallake sun fi nawa kuɗin haya, ɗaya daga cikin ukun ma har yanzu a rufe yake. Biyun da aka kama, mai sayar da taki da maganin feshi ne da mai cajin waya. Filin gaban da aka hana ni ginawa na zuba masa marmara, masu ɗaukar tumatir da albasa sukan tsaya da motocinsu a nan su yi lodi ba tare da sun tare hanya ba, mai takin ya ce saboda wannan ma ya zaɓi wurin. Hamma ya kafa rumfar kara a gefe yana sayar da rake, ya kuma ce in Allah ya hore masa ya tashi gina nasa kason, in raka shi benen.